Aure ya yi tsami, fom ɗin Kanada na jira: kurakuran da aka fi yi

Da yawa daga cikin masu neman izinin zama na dindindin a Kanada ta hanyar Express Entry, tsarin da aka fara a 2015, sukan yi tuntuɓe a layin da ake tambayar matsayin aure. Mata ta yi yaji shekara biyu tana gidan iyayenta, ko miji ya yi ƙaura ba aike ba saƙo, sai mai cika fom ya ga ai aure ya mutu, ya zaɓi cewa shi ba shi da aure. A wurin hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, muddin igiya ba ta tsinke a gaban doka ba, aure yana nan, kuma dole sunan abokin zama ya fito a takardu, har da fom ɗin bayanin iyali, IMM 5406.

Abin da ke jawo wannan ɓoyo shi ne zaton cewa rubuta sunan matarka na nufin tafiya da ita. Ba haka ba ne. Akwai gurbin da za ka nuna ba za ta bi ka ba, kuma idan ka nuna hakan, ana lissafa makinka, wato makin da tsarin ke tantance masu nema da shi, kamar na mara aure. Wato ɓoyon bai ƙara maka komai ba, illa ya sa ka cikin haɗarin sashe na 40 na dokar shige da ficen ƙasar, wanda ke hukunta mai ba da bayanin ƙarya da haramcin shekara 5. Ko bayan ka sauka ka zauna, ana iya karɓe izinin idan asiri ya tonu. Cewa ejan ne ya cika maka ba hujja ba ce, sa hannunka ne a ƙasa.

Kuskuren da ya fi ciwo kuwa yana wajen gwajin lafiya. A ƙa'ida, iyalin da ba za su bi ka ba ma sai likitan da hukumar ta amince da shi ya duba su. Wanda ke zaman doya da manja da matarsa yakan ce babu amfanin ya roƙe ta zuwa asibiti. To amma ƙa'ida ta 117, sakin layi na 9, cikin ƙa'idojin shige da ficen Kanada, ta ce duk ɗan iyalin da ba a duba ba a lokacin da ka nemi izini, ba za ka iya ɗaukar nauyin kawo shi daga baya a matsayin iyali ba. Wannan ya shafi matar da kuke zaune a rabe ko da ka ambace ta, in dai ba a duba ta ba. Mu kuwa mun san yadda aurenmu yake: yau an yi yaji, gobe manya sun shiga tsakani, an je biko, ta koma ɗakinta. Sai ka wayi gari a birnin Calgary na Kanada da izini a hannu, uwar 'ya'yanka kuma ƙofa a rufe. A ganina, ko da ba ku gaisawa, gara ka tura wa waliyyinta ya lallashe ta ta je gwajin. In ta ƙi fafur, ka adana saƙonnin da ka aika, ka rubuta wasiƙar bayani ka haɗa da su, jami'i ne zai yanke hukunci.

Sai batun saki. Wanda ya furta saki a tsakar gida, ko ya rubuta a takardar littafin makaranta ya miƙa, ya san matsayinsa a addini, amma jami'in biza takardar kotu yake nema. A je kotun shari'a a karɓo shaidar saki mai hatimi, a fassara ta zuwa Turanci ko Faransanci wajen ƙwararren mai fassara. Idan kuma auren rajista aka yi a Nijeriya, babbar kotu ce kaɗai ke iya raba shi ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Haka nan kada a zaɓi gurbin waɗanda doka ta raba zamansu alhali babu wata takarda da ke nuna hakan.

'Ya'ya ma ana mantawa da su idan suna hannun uwarsu. Duk ɗan da bai kai shekara 22 ba kuma bai yi aure ba, a rubuta shi, a kai shi gwaji. Idan da shi za ka tafi kuma bai kai shekara 18 ba, sai wanda ba zai bi ba cikin iyayen ya sa hannu a fom IMM 5604 cewa ya yarda. Kuɗin da za ka nuna a banki ma da su ake lissafawa, har da matar, ko ba za su bi ka ba.

Idan al'amari ya canza bayan an tura takardu, an yi kome, ko saki ya tabbata, ko an sami ƙaruwa, a sanar da IRCC kafin ranar da za a tabbatar maka da izinin. Wanda ya bari sai bayan ya sauka, abin da ke cikin fayil ɗinsa a ranar shi za a riƙe.