Babi Na Shida: Kalmomin Aure Da Rubuta Lissafin Biki

Darasi na 1: Kayan da ake kaiwa kafin aure

Ku ɗauko littafi da fensir, ku buɗe sabon shafi. Ku ja layi a tsakiya daga sama har ƙasa. Sunan abu a hagu, kuɗinsa a dama. Dama ita ce ɓangaren hannun cin abinci.

A nan Kano dangin namiji sukan fara kai kuɗin na-gani-ina-so, sannan kuɗin gaisuwar iyaye, wanda ake rabawa dangin uwa da na uba. Kayan sa rana su ne goro da alawa da ake kaiwa ranar da manya za su yanke lokacin biki. Lefe kuwa akwatuna ne na atamfa, leshi, mayafi, takalma da kayan shafa, mata ne ke kai shi. Kowanne ku ba shi layinsa. Goro da ƙwarya ake ƙirga shi, ƙwarya ɗaya goro 100 ne. In za a aiki yaro kasuwar goro ta Mariri, ku rubuta "ƙwarya 3", kada ku rubuta "goro 3".

Darasi na 2: Sadaki

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Duk abin da muka lissafa a sama al'ada ce. Sadaki shi ne wajibi, kuma haƙƙin amarya ne ita kaɗai. Kuɗin gaisuwa ba sadaki ba ne. Lefe ma ba sadaki ba ne, ko akwati nawa ne. Ku faɗa da bakinku sau uku.

Mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Ƙimarsa a naira tana bin farashin zinari, sai a tambayi liman a satin da za a ɗaura.

Yanzu ku buɗe wani shafi dabam, ku rubuta SADAKI a sama. A ce dubu ɗari aka yanke. Ku rubuta 1, ku jera sifili biyar: 100,000. Ku ɗora yatsa ku ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. In huɗu kuka samu, dubu goma kuka rubuta, dubu casa'in ta salwanta a takarda. Ku goge ku sake, ba abin kunya ba ne, hannu ne bai saba ba. A ƙarƙashin lambar ku rubuta da kalmomi: "naira dubu ɗari". Sannan ku ƙara kalma ɗaya: lakadan in an biya nan take, ajalan in bashi ne. In rabi aka bayar, a rubuta abin da aka biya da abin da ya rage.

Ku sake ƙirga sifilin. Haba Malam, haba Hajiya, kallo da ido ba ƙirga ba ne! An ce a ɗora yatsa. Masu cewa "ai na riƙe a ka" su ne ake jin muryarsu daga baya ana musu tsakanin surukai. Kuma kada a sake ganin sadaki a shafin lefe.

Darasi na 3: Ranar ɗaurin aure

Waliyyi ne ke bayar da auren amarya, wakilin ango ya karɓa. Kalmomin nema da bayarwa su ake kira siga. Shaidu aƙalla maza biyu adalai. A nan ake bayyana sadaki, lakadan ko ajalan, don haka a duba shafin kafin a fita masallaci. Tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, a tanadi takardar da wuri.

Darasi na 4: Shagalin mata

Kamu da sa lalle kafin ɗaurin aure. Jere shi ne shirya ɗakin amarya. Bayan kai amarya sai sayen baki da buɗar kai. Gara kayan abinci ne daga gidan iyayenta.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku kwafi kalmomin nan sau biyu. Ku rubuta 150,000 da lamba da kalmomi, ku kawo ranar Asabar.