Darasi na 9: Elda ta zubar da ganye, shin ta mutu ne?

Wata maƙwabciyata a Ingila ta sayi 'yar bishiya a tukunya cikin watan Mayu, ta ajiye ta a bakin ƙofa. Da Nuwamba ya kama, ganyen ya yi rawaya ya zube, aka bar rassa tsirara. Ta ɗauka ƙishi ne, ta dinga ɗura mata ruwa safe da yamma. Da ta ga ba sauyi, sai ta kinkime ta ta kai falo, ta dire kusa da hita. Duka biyun kuskure ne.

Sunan bishiyar elda, masana tsirrai na kiranta Sambucus nigra. 'Yar asalin Turai ce. Tana yin farin fure mai ƙamshi wajen watan Yuni, ta yi ƙananan baƙaƙen 'ya'ya a Agusta da Satumba. Idan kaka ta yi, wuni ya gajarta, sanyi ya fara sauka, sai ta janye abincin da ke ganye zuwa rassa da saiwa, ta saki ganyen, ta huta. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kuka kan tsaya tsirara da rani, gawo kuma da damina yake kaɗe nasa ganyen, ba wanda ke cewa sun mutu.

In hankalinka bai kwanta ba, sa farce ka ɗan kankare ɓawon reshe. Ka ga kore mai danshi? Tana da rai. In ruwan ƙasa ne, reshen kuma ya karye ƙas, wannan reshen ya bushe, sai ka gangara ƙasa ka sake gwada wani. Duba kuma idon toho. A jikin elda bibbiyu suke, suna fuskantar juna.

Yanzu maganar ruwa, don nan aka fi yin ɓarna. Bishiyar da ba ganye ba ta shan ruwa sosai. Ruwan da ka zuba sai ya kwanta a gindin tukunya, saiwa ta rasa iska, ta ruɓe. Tsoma yatsa cikin ƙasar, kamar santimita 5. In akwai danshi, rabu da ita. In ta bushe, ba ta kaɗan. A Ingila ma sau da yawa ruwan sama ya ishe ta. Cire farantin da ke ƙarƙashin tukunyar, ka ɗora ta a kan bulo biyu ko uku don ruwa ya sami hanyar fita. Leƙa ka tabbatar hudar gindin ba ta toshe ba.

Kada ka shigar da ita ɗaki. Sanyi ba abokin gabarta ba ne, tana buƙatarsa. Ɗumin hita zai tashe ta ba lokaci ba, ta fitar da toho marar ƙwari. Saiwar da ke tukunya ce dai ba ta da kariya irin ta wadda ke cikin ƙasa. Saboda haka in za a yi ƙanƙara, naɗe tukunyar da buhu, ka matsar da ita jikin bango.

Taki kuwa a jira sai Maris. Aski ma ƙarshen hunturu ne lokacinsa, Fabrairu ko Maris, amma wanda ya yi mata ƙwal-kwabo ya haƙura da yawan fure a shekarar. Ni dai busassun rassa kawai nake cirewa.

Da a watan Yuli ganyen ya zube, to, wannan wata magana ce daban: ko ƙishi, ko ruwa ya yi yawa, ko saiwa ta cika tukunya. Duk shekara 2 ko 3 tana son tukunya mafi girma da sabuwar ƙasa.

A kula da yara. Ɗanyun 'ya'yan elda, da ganye da rassa, suna da dafi mai sa amai. Sai an dafa nunannun ake ci.

Aiki: ka kankare reshe ɗaya na wata bishiya a gidanku, ka rubuta launin da ka gani. Sannan ka rubuta jimla biyu kan abin da ya kamata maƙwabciyar nan ta yi a watan Nuwamba.