Gyara matsalar tazara da iyakar suna a cikin class na Python

A yaren shirye-shiryen kwamfuta na Python, tazarar farkon layi ce ke nuna abin da ke cikin class (tsarin da ake ƙirƙirar abubuwa da shi) da abin da ke waje. Ƙa'idar PEP 8, wato jagorar salon rubuta Python, ita ce sarari 4 a kowane mataki: `def`, kalmar da ke buɗe method (aikin da ke cikin class), ya shiga da 4, jikinsa da 8. Idan ka cakuɗa Tab da sarari, Python 3 zai ba ka `TabError`. Ido ba ya ganin bambancin, don haka gudanar da `python -m tabnanny fayil.py` ya nuna maka layin. Class ɗin da ba ka cika ba tukuna, sa masa `pass`, in ba haka ba `IndentationError` zai fito.

Wanda ya fi wahalar ganowa shi ne `def` da ya zame zuwa bakin hagu. Python ba zai yi ƙorafi ba, sai ka kira shi ta abin da ka ƙirƙira daga class ɗin, ka ga `AttributeError`. Mayar da shi ciki da sarari 4.

Sai iyakar suna, wato inda Python ke iya ganin sunan da ka rubuta. Ka rubuta `kudi = 500` a jikin class, ka kira `kudi` kai tsaye a cikin method, za ka samu `NameError`, domin method ba ya leƙa jikin class. Rubuta `self.kudi` (`self` shi ne abin da aka ƙirƙira daga class ɗin) ko `Asusu.kudi`, idan sunan class ɗin `Asusu` ne. Kada ka manta `self` a farkon bakan kowane method na yau da kullum, rashinsa ke jawo `TypeError`.

A kula da `kaya = []` a jikin class: duk abubuwan da aka ƙirƙira jeri ɗaya za su raba. Kai shi cikin `__init__`, method ɗin da ke gudana duk lokacin da aka ƙirƙiri sabon abu, a matsayin `self.kaya = []`.