Yadda ake kulle sashen fayil da fcntl tsakanin firoses da firoses

Firoses biyu, wato firogiram biyu da ke gudana, suna rubutu cikin fayil ɗaya a lokaci guda, wannan ya karanta ya gyara, kafin ya mayar wancan ya riga ya rubuta nasa, shi kenan aikin ɗaya ya tafi kuma babu wani kuskure da zai fito maka a allo. Maganin wannan a Linux da sauran dangin Unix shi ne kullen fcntl, wani kira da firogiram ke yi a kan fayil ɗin da ya buɗe. Amma tun farko ka san irin kullen da kake hulɗa da shi, na shawara ne, wato kamar takardar "akwai mutum ciki" ce da aka liƙa a ƙofar da ba a sa mata kwaɗo ba. Kanel, wato zuciyar Linux da ke kula da firoses da fayil, yana riƙe da lissafin wa ya kulle ina, amma firogiram ɗin da bai tambaya ba zai yi write ɗinsa ya wuce ba mai tare shi. Don haka duk firogiram ɗin da ke taɓa fayil ɗin dole ya nemi kulle tukuna, in ɗaya ya ƙi to an yi aikin banza.

Ga yadda ake yi. Ka buɗe fayil, ka cika struct flock. A l_type ka sa F_RDLCK in karatu za ka yi, mutum goma ma za su iya riƙe shi tare, ko F_WRLCK in rubutu ne, shi kuma mutum ɗaya tak. Kullen rubutu yana buƙatar fayil ɗin da aka buɗe don rubutu, in ba haka ba kuskuren EBADF za ka samu. Sai l_whence, yawanci SEEK_SET, wato a ƙirga daga farkon fayil, sai l_start da l_len, wato inda kullen zai fara da tsawonsa. A ce kowane rikodi bayit 100 ne kuma kana son na shida, l_start 500 ke nan, l_len 100, sauran fayil ɗin kowa ya ci gaba da harkarsa. In ka sa l_len sifili kuwa ka kulle daga nan har ƙarshe komai girman da fayil ɗin zai ƙara nan gaba.

Daga nan sai kiran fcntl. F_SETLK ba ya jira, in wani na riƙe da wurin zai dawo da -1 nan take, kuma ka duba EAGAIN da EACCES duka biyun don tsarin ya yarda da kowanne. F_SETLKW shi zai tsaya har a saki, sigina na iya katse shi ya dawo da EINTR sai ka sake kira, in kuma kanel ya gano kuna jiran juna kai da wani firoses zai iya ba ka EDEADLK, to ka saki abin da ke hannunka ka sake gwadawa. F_GETLK tambaya ce kawai, kar ka dogara da ita ka ce ai ba kowa bari in rubuta, kafin ka ƙifta ido wani ya kama. In ka gama ka mayar da l_type zuwa F_UNLCK ka sake kiran fcntl, kuma in da fprintf kake rubutu ka yi fflush kafin ka saki, in ba haka ba rubutunka na bafa, wato wanda bai kai fayil ba tukuna, zai fita bayan kulle ya tafi.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu sosai, don nan mutane ke faɗawa rami. Kullen nan na firoses ne, ba na lambar da open ya ba ka ba. Ma'ana in ka kulle fayil, sai can wani laburare, wato lambar wani da kake amfani da ita cikin firogiram ɗinka, ya buɗe fayil ɗin nan ya karanta layi ɗaya ya yi close, wallahi duk kullenka a kan fayil ɗin ya tashi gaba ɗaya, shiru, ba sanarwa, kai kana can kana rubutu da tunanin kana da kariya. Haka kuma zare (thread) biyu, wato layukan aiki biyu cikin firoses ɗaya, ba sa hana juna, na biyun zai samu kullen kai tsaye don a wurin kanel mutum ɗaya ne. Ɗan da fork ya haifa, wato sabon firoses da aka kwafa daga naka, shi ma ba ya gadon kullen uban. SQLite da kansa, laburaren nan na ajiye bayanai, da fcntl yake kulle ɗakin bayanansa, shi ya sa masu shi ke gargaɗi kar ka buɗe fayil ɗin ta bayan fage ka rufe cikin firogiram ɗin da ke amfani da shi.

Ni dai in sabon aiki ne a Linux shawarata ka tafi F_OFD_SETLK da F_OFD_SETLKW, sun shigo da Linux 3.15 a 2014. Struct ɗin dai shi ne, sai dai dole l_pid ya zama sifili, kuma kullen yana manne da buɗewar fayil ɗin ne, close ɗin wani can ba ya shafe shi, kowane zare ya yi nasa open sai su hana juna yadda ya kamata. Shi kiran flock na BSD, wanda daban yake da struct flock, yana da sauƙi amma fayil gaba ɗaya yake kullewa, ba ya sashe.

In firogiram ɗinka ya tsaya cik kana zargin kulle ne, buga lslocks ko ka leƙa /proc/locks, za ka ga irin kullen da kuma bayit ɗin da ya fara da inda ya tsaya.