Yadda Za Ka Kare Kanka Idan Ka Karɓi Riƙon Dokin da Aka Ceto

Dokin da aka ceto daga yunwa ko daga hannun mai azabtar da shi yakan iso jiki a sanyaye. Kai a ƙasa, haƙarƙari a waje, duk inda ka taɓa ba ya ko motsi. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa, su ce ai sun yi dace da doki mai haƙuri. Sau da yawa ba haƙuri ba ne, rashin ƙarfi ne. Bari ya yi wata biyu ko uku yana ƙoshi, jini ya dawo masa, sai ainihin halinsa ya fito, tare da duk wani tsoro da aka dasa masa a inda ya baro. Dokin da ka sauke daga mota daban, wanda za ka ɗora wa sirdi daban, ko da yake fatarsu ɗaya. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: ka tambaya ko an yarda a hau shi

Ƙungiyoyin ceton dawaki kan raba dabbobinsu kashi biyu: waɗanda za a iya hawa, da waɗanda zama kawai za su yi su taya wani doki kiwo, saboda tsufa ko tsohon rauni. Karanta yarjejeniyar riƙon da kyau. Doki ba naka ba ne, amana ce, kuma idan takarda ta ce kada a hau, magana ta ƙare. Idan an yarda, ka tambayi abin da suka sani: an taɓa sa masa sirdi? Wa ya gani da idonsa? "An ce ana hawansa" ba shaida ba ce.

Mataki na biyu: samo hular kwano ta gaskiya

Kan mahayi yana nesa da ƙasa kamar mita biyu da rabi zuwa uku. Dabbar da ke ƙarƙashinsa kuma takan kai kilo 400 zuwa 500, tana iya wuce kilomita 40 a awa idan ta zabura. Ba sai an yi sukuwa ake fasa kai ba. A watan Maris na 2010, Courtney King-Dye, wadda ta wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 2008, tana horar da wani doki ba hula a kanta, sai ya yi tuntuɓe ya faɗi da ita. Ƙoƙon kanta ya tsage, ta yi kusan wata guda ba ta san inda take ba. Ba tutsu dokin ya yi ba, tuntuɓe ne kawai, kuma gwanar duniya ce a kansa. Wannan hatsari na cikin abubuwan da suka sauya tunanin masu harkar, har ta kai daga farkon 2021 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta wajabta hular kariya ga mahayan gasanninta, har da masu gasar nuna horo waɗanda da can doguwar hular ado suke sawa.

Juya hular ka duba cikinta. Za ka ga tambarin gwajin da ta ci: ASTM F1163 tare da alamar SEI na Amurka ne, PAS 015 na Birtaniya, EN 1384 da VG1 na Turai, akwai kuma Snell E2016, shi ma na Amurka, da AS/NZS 3838 na Ostireliya da Niyu Zilan. In babu ko ɗaya, ajiye ta, hular kwalliya ce. Wasu na zuwa da wani siririn faifai a ciki mai suna MIPS, wanda ke ɗan zamewa ya rage murɗawar da kai ke yi idan an faɗi a karkace. Ƙari ne mai kyau, amma bai kai dacewar hular da kanka muhimmanci ba.

Ta keke fa, ko ta babur? Ta keke ramukan iskarta manya ne, ba ta rufe ƙeya yadda ake so, kuma ba a gwada ta da bugun abu mai kaifi irin gefen kofato ba. Ta babur ta yi nauyi, tana toshe ji da ganin gefe, alhali kusa da doki kunnenka ma makami ne.

Kada ka sayi wadda wani ya taɓa amfani da ita. Abin da ke ceton kai ba ƙwaryar waje ba ce, farin soson nan ne mai tauri da ke ciki. Aikinsa ya murƙushe ya shanye bugu, kuma idan ya murƙushe sau ɗaya ba ya komawa. Kamar ashana yake, ƙyastu ɗaya gare shi. Hula tana iya yin ƙyalli a waje alhali cikinta ya riga ya mutu.

Mataki na uku: daidaita ta da kanka

Ɗauki tef ɗin tela ka zagaya kanka, kamar santimita biyu sama da gira, ta saman kunnuwa, ta kan tudun ƙeya. Wannan adadin ne lambarka. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, don wani kan zagayayye ne, wani mai tsawo, su ma hulunan haka ake ƙera su. Sai an gwada.

Ta zauna daidai, ba ta kwanta baya ta bar goshi a fili ba. Tazarar yatsa ɗaya ko biyu tsakaninta da gira. Kafin ka ɗaure maɗauri, kama ta ka motsa gaba da baya: idan fatar goshinka da girarka suna tafiya tare da ita, ta kama. Idan ita kaɗai ke yawo, ta yi yawa. Idan kuma bayan minti goma ta sa maka ciwon kai ko ta bar jan shati a goshi, ta yi kaɗan ko siffarta ba taka ba ce. Igiyoyin gefe su haɗu daf da ƙasan kunne, na haɓa kuma ya matse yadda yatsa ɗaya ne zai shiga. Buɗe baki sosai, ya kamata ka ji hular ta ja ƙasa.

Mai yawan gashi ta gwada hular da irin gyaran da za ta riƙa hawa da shi, ta tufke shi ƙasa wajen wuya, kada ta cusa shi ciki. Yaro kuma kada a saya masa babba wai zai girma ya cike ta. Hular da ta fice kafin kai ya isa ƙasa ba ta yi komai ba.

Ajiye ta a inuwa. Zafin cikin motar da aka rufe a rana yana lalata soson da gam ɗin da ke riƙe da shi. Yawancin kamfanoni suna cewa a sauya ta bayan kamar shekara biyar ko da ba a faɗi da ita ba.

Mataki na huɗu: sa ta tun daga ƙofar barga

Nan ne nake saɓawa da masu rataye hula a jikin sirdi sai an zo hawa. Da dokin riƙo, watannin farko duk a ƙasa za ka yi su, kuma a ƙasa ake harbi, a ƙasa ake cizo, a ƙasa doki ke wurga kai ya sami haɓarka. Lokacin da ka sunkuya kana wanke masa ciwon ƙafa, kanka yana daidai inda kofatonsa ke tashi. Sa hula idan za ka ja shi, idan za ka ɗaga ƙafarsa, idan za ka ba shi magani, da kuma lokacin shigar da shi mota ko sauke shi, wanda ke cikin ayyukan da suka fi hatsari.

Doki yana ganin kusan duk kewayensa, sai dai daf da goshinsa da kuma bayansa kai tsaye. Saboda haka ka nufo shi ta kafaɗa kana magana. Kada ka taɓa naɗe igiyar ragama a hannu. Ninka ta ka riƙe, don in ya fizga ta zare ta bar maka yatsunka. Ɗaure shi da ƙullin zarge wanda ja ɗaya ke kwancewa. Sa takalmi rufaffe mai tauri. Wajen abinci kuma ka yi hattara ƙwarai: dokin da ya sha yunwa yakan yi faɗa a kan akushinsa, ko da a sauran lokuta rago ne.

Mataki na biyar: likitan dabbobi kafin sirdi

Sabon doki ana ware shi mako biyu zuwa uku saboda cututtuka masu yaɗuwa, wannan lokacin ya ishe ka kallonsa. Likita zai auna ƙibarsa da ma'aunin da Don Henneke ya fitar a 1983, daga 1, wato ƙashi da fata, zuwa 9, wato teɓa. Lafiyayyen doki yana wajen 5. Wanda ke 2 ko 3 ba shi da naman da zai tare sirdi daga ƙashin bayansa, kuma farfaɗowarsa aikin watanni ne. A duba haƙora, don masu kaifi suna yanka kunci idan an ja linzami. A duba baya, kofato da idanu. Dokin da ido ɗaya ya raunana yakan firgita da duk abin da ya ɓullo ta wannan gefen. Kai ma ka tabbata allurar tetanus ɗinka ba ta tsufa ba.

Yawancin abin da ake kira taurin kai ciwo ne. Wata likitar dawaki 'yar Birtaniya, Sue Dyson, ta tsara alamomi 24 da doki ke nunawa idan ana hawansa, irin su kwantar da kunnuwa baya, buɗe baki, kaɗa wutsiya da ƙarfi, wurga kai da yawan tuntuɓe. Wanda ya nuna takwas ko fiye, mai yiwuwa wani wuri na yi masa ciwo. Irin wannan bulala ba ta gyara shi, sai dai ta kai ka ƙasa.

Mataki na shida: gwada shi kana tsaye a ƙasa

Ya bi ka, ya tsaya in ka tsaya, ya ja baya in ka ce. Ya yarda ka shafa cikinsa inda majayi zai bi, da kunnuwa da baki. Sannan ka aza masa ƙyallen ƙarƙashin sirdi kawai, wata rana sirdin, ka ja majayi kaɗan kaɗan, ba fizga ɗaya ba. Kewaya da shi a doguwar igiya da sirdin a bayansa, likkafu suna ɗan kaɗawa. In zai yi tutsu, gara ya yi da sirdin da ba kowa. Duk inda ya tsorata, koma matakin da ya gabata. Ba wanda ke riƙe maka agogo.

Sirdin da ya dace da shi yau ba lallai ya dace bayan wata biyu ba, tunda bayansa cikowa yake. A riƙa dubawa. Nauyinka da na sirdi kada su wuce kamar kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ga mai farfaɗowa ma ƙasa da haka.

Mataki na bakwai: hawan farko

Kada ka kasance kai kaɗai. A sami wanda ya san doki ya riƙe ragama, shi ma da hularsa. Wuri ya zama killatacce, ƙasa mai laushi, ba duwatsu, ba karnuka, ba yara masu guje-guje. Takalminka ya kasance mai ɗan dunduniya, likkafa kuma ta fi shi faɗi da kamar santimita ɗaya ta kowane gefe, don ƙafar da ta maƙale a likkafa ita ce ke sa a ja mutum a ƙasa. In kana da rigar kariyar ƙirji mai tambarin BETA mataki na 3, sa ta. Ƙaimi kuwa a bar shi a gida.

Hau daga kan wani abu mai tudu, kada ka ja sirdin da nauyinka. Da farko kwanta kawai a kan sirdin da cikinka, ƙafafu a gefe ɗaya ba cikin likkafa ba, yadda za ka zame ka dira in ya motsa. Ya yarda da wannan sau da yawa kafin ka ƙetara ƙafa. Zauna a hankali. Mai riƙe da shi ya ja ku taku kaɗan, ku tsaya, ka sauka. Minti biyar ya isa. Sassarfa sai bayan kwanaki, fita waje kuma sai tare da wani doki mai natsuwa. Idan ka ji bayansa ya ƙame ya yi tudu a ƙarƙashinka, sauka tun da arziki. In kuma kai sabon mahayi ne, wannan matakin ba naka ba ne. A nemo ƙwararre ya yi shi.

Idan an faɗi

Tsohuwar maganar nan ta cewa wanda ya faɗi ya tashi ya sake hawa nan take ba ta aiki idan kai ya bugu. Ƙwaƙwalwa tana iya jijjiguwa ba tare da an suma ba, kuma hula tana rage rauni ne, ba ta hana shi gaba ɗaya. Ciwon kai, jiri, amai, ruɗewa, maimaita tambaya ɗaya, gani biyu-biyu ko barci mai nauyi, kowanne ya isa a tafi asibiti, kuma wasu sai bayan awanni suke bayyana, don haka kada a bar mutumin shi kaɗai a daren. Idan yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin hannunsa ko ƙafarsa, kada a ɗaga shi, kada a cire masa hula muddin yana numfashi daidai; a kama dokin a nisantar da shi, a kira masu agajin gaggawa.

Hular da ta daki ƙasa ta gama aiki. Yanke maɗaurinta kafin ka jefar, don kada wani ya tsinta ya sa. Sannan ka sanar da ƙungiyar da ta ba ka riƙon abin da ya faru dalla-dalla: me dokin ya gani, me aka taɓa, ta wane gefe. Su ne za su rubuta a takardarsa, su kuma yanke ko likita zai sake duba shi kafin a ƙara ɗora masa sirdi.