Kurakuran da masu sayen mota mai lantarki ke yi a kan na'urorin taimaka wa direba

Tun da hukumar NADDC, mai kula da bunƙasa ƙera motoci a Nijeriya, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabancinta, maganar mota mai lantarki ta daina zama labarin ƙetare a Sakkwato. Masu hali sun fara tambayar farashi, kuma cikin abin da dillalai ke ƙara wa kuɗi saboda shi har da na'urorin taimaka wa direba, wato kyamarori da rada (na'urar auna tazara da igiyar rediyo) masu lura da hanya, su taka birki ko su riƙe sitiyari. Wasunsu sun cancanci kuɗinsu, wasu kuwa ba su da abin yi a hanyoyinmu.

Kuskure mafi haɗari shi ne ɗauka cewa motar tana tuƙa kanta. Ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta kasa wannan fasaha daga mataki na 0 zuwa na 5, kuma Autopilot na kamfanin Tesla, duk da girman sunansa, yana mataki na 2 ne, inda alhakin tuƙi ke wuyan direba a kowane lokaci. A watan Disamba na 2023 sai da kamfanin ya yi wa motoci kusan miliyan 2 gyara a Amurka, saboda hukumar kiyaye haɗurra ta can ta ga tsarin bai isa ya hana direba sakaci ba. Ko Drive Pilot na Mercedes, da ya kai mataki na 3, a wasu zaɓaɓɓun manyan hanyoyi kaɗai aka yarda ya yi aiki. Don haka idan dillali ya ce maka “ai ita ke jan kanta”, ka tambaye shi matakin da take, sannan ka bar hannunka a kan sitiyari ko me ya amsa.

Daga nan sai biyan kuɗi mai yawa don na'urar da ke riƙe mota a tsakiyar layi. Wannan na'ura farin fentin titi take karantawa, kuma duk wanda ke bin hanyar Illela ko ta Gusau ya san akwai wurare masu tsawo da fentin ya goge, ko rairayi ya rufe shi, ko kuma dole a bar layi don kauce wa rami. A nan na'urar ko dai ta kashe kanta, ko ta ja sitiyari a daidai lokacin da direba ke ƙoƙarin kaucewa. Haka ma wadda ke daidaita gudu da tazara: a shataletalen Dandima, da zarar ta bar fili tsakaninta da motar gaba, ɗan kabu-kabu ya shige, ita kuma ta danna birki. Maganin wannan shi ne a gwada motar a hanyar da za a riƙa bi kullum kafin a biya.

Akwai kuma masu watsi da na'urorin gaba ɗaya, suna cewa duk ado ne, kuma a ganina wannan kuskuren ya fi ban takaici, domin yana jawo asarar abin da ke ceton rai. Binciken cibiyar IIHS ta Amurka, mai nazarin haɗurran mota, ya nuna cewa birkin gaggawa mai kama kansa yana rage karon mota ta baya da kusan rabi, kuma tun watan Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sabbin motoci. Mota mai lantarki tana da nauyi saboda batir, tana zabura da sauri, kuma ƙararta ba ta kai ta mota mai fetur ba wajen ankarar da yaro mai tsallaka titi a bakin kasuwa. Birkin gaggawa, da fitilar madubi mai nuna abin hawa da ya ɓuya a gefe, da kyamarar baya, su ne suka cancanci kuɗi. Sai dai ƙarfin masu dogara da kyamara yana raguwa da dare, kuma kada a dogara da su wajen gane raƙumi ko jaki.

Motar da aka shigo da ita ta hannu tana da nata tarko. A 2024 Tesla na sayar da tsarinsa na FSD, wanda ya fi Autopilot yawan ayyukan taimaka wa direba, dala 8,000 a Amurka, ko dala 99 a wata, amma ba a buɗe shi don hanyoyin Nijeriya ba, kuma yawancin tsare-tsaren motocin Sin masu bin taswira da taswirar can aka haɗa su. Abin da dillali bai iya kunna maka a nan Sakkwato ba, kada ka biya kuɗinsa.

Sannan ga ƙura. A lokacin hunturu hazo kan dusashe idon kyamara, kuma motar da ta dogara da kyamara kaɗai, kamar Model 3 da Model Y na Tesla da aka fara daina sa wa rada a 2021, ta fi wahala da shi. A wanke idon da ruwa da tsumma mai laushi, domin busasshen tsumma yana goga yashi ya karce gilashin. Abin da aka fi mantawa kuwa shi ne saiti. Kyamarar gaba tana manne a bayan gilashi kusa da madubin ciki, rada kuma yawanci tana bayan bamba, saboda haka canza gilashi ko gyaran bamba bayan ɗan karo na iya karkatar da su kaɗan, motar ta riƙa auna tazara ba daidai ba alhali babu wata fitilar gargaɗi da ta kama. Maido da saitin yana buƙatar kwamfuta, sau da yawa har da allo na musamman a fili mai shafe. Tun da motoci da yawa da ake kawowa daga Amurka sun taɓa yin hatsari, a nemi shaidar cewa an sake saitin bayan gyara, kuma tun kafin ciniki ya faɗa a san sunan garejin da zai iya yin aikin, a Sakkwato yake ko sai an kai Kano ko Abuja.