Kurakuran da yaranmu ke maimaitawa a laburaren jami'a

Na daɗe ina aiki a teburin bayar da aron littattafai na wata jami'a a nan Legas. Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo, da na ji Hausa a bakin yaro, ko daga Agege yake ko Idi-Araba ko Alaba Rago, sai in ji kamar ƙanena ne. Shi ya sa abin ke ci mini rai in na ga sun faɗa ramin da yayyensu suka faɗa bara.

Babban cikinsu shi ne karɓar wa aboki littafi da katinka. A nan ni ganau ne. Ina shekarar ƙarshe wani abokina, layinmu ɗaya a Agege, ya roƙe ni in karɓo masa wani littafin tattalin arziki bugun waje, don shi ya riga ya cika adadin da aka yarje masa. Kunya ta hana ni cewa a'a. Ya shiga danfo daga Yaba, ya sauka a Oshodi, littafi ya yi gaba da mota. Bai faɗa mini ba. Kullum sai gobe, har hutu ya zo ya tafi gida Sakkwato. Ranar da na je neman sa hannun laburare a takardar sallama, aka buɗe rajista, ga sunana, ga lambata, ga tarar watanni ta taru. Na yi rantsuwa har na gaji, matar da ke teburin ta ce ita kati ta sani. Gaskiyarta ne kuwa, yau ni ma abin da nake faɗa ke nan. Na zaga wajen masu tsofaffin littattafai na Yaba da Ojuelegba ban samu ba, sai da aka yi odar sabo, mahaifina ya biya yana faɗa. Kafin littafin ya iso an tura sunayen 'yan ajinmu bautar ƙasa, ni ina zaune a gida sai rukuni na gaba. Abotar ma ba ta sake komawa daidai ba.

Don haka in abokinka na son littafin da ke hannunka, ku zo tare, ka mayar, shi ya karɓa da sunansa. In kuma kai ke mayarwa, kada ka ajiye a kan tebur ka juya. Tsaya har ka ga an soke shi daga sunanka. Ni har yau sai na ɗauki hoton ranar mayarwa a waya, wasu abokan aikina na yi mini dariya, ban damu ba.

Na biyu shi ne ɓoye littafi. Haba 'yan'uwa! Yaro ya samu kwafi ɗaya tilo na littafin da malami ya ce a karanta, sai ya kai shi can sashen aikin gona ya cusa, wai don gobe ya same shi shi kaɗai. Mu muna jera littattafai ne bisa tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, kamar yawancin jami'o'in ƙasar nan: K na shari'a ne, Q na kimiyya, R na likitanci, BP ya ƙunshi Musulunci, tarihin Najeriya yana DT515, harshen Hausa kuwa daga PL8231 yake farawa. Littafin da ya bar gurbinsa ya ɓata, ko da yana cikin ginin. Kwamfuta za ta ce yana nan, ɗalibi ya zo ya yi ta yi mana tsawa, mu kuma mu kwashe safiya muna bin kanta layi-layi. Sau da yawa mai ɓoyon ma mantawa yake yi inda ya sa. Wannan cin amanar 'yan ajinka ne, kuma ka sani. Littafin da ake rububinsa, ka gaya mana mu sa shi a sashen ajiya na musamman, inda ake bayarwa na 'yan sa'o'i kowa ya samu. Ko da niyya mai kyau ce, in ka gama karatu bar shi a kan tebur, jerawa aikinmu ne.

Wajen bincike kuma, a kwafi lambar littafi gaba ɗayanta, har layin ƙasa. Rabin lamba ba ya kai mutum ko'ina.

Akwai masu zuwa shagon intanet su biya kuɗi a sauke musu maƙala, alhali jami'a na da hanyar shiga rumbunan maƙalu na intanet irin su JSTOR, masu karatun lafiya kuma ga Hinari. Ka tambayi sashen kwamfuta na laburarenku abin da suke da shi. Na lura wasu yaranmu tsoron kuskuren Turanci ke hana su tambaya. Ko da guntun Turancin kasuwa ne ka yi, za a gane.

In za ka fita sallah, kada ka bar kwamfutarka a kan tebur, kada kuma ka bar ta cikin jaka a wurin ajiyar jakunkuna. Ɗauki abinka. Kama wa mutum biyar kujera da littattafai lokacin jarrabawa, ni kwashewa nake yi. Gyaɗa da biskit a bar su waje, su ke jawo mana ɓeraye da kyankyasai.

Sai ruwan Yuni da Yuli. Leda ɗaya a cikin jaka ta isa. In littafi ya jiƙe, kada a shanya shi a rana, kada a sa masa dutsen guga kamar yadda wata yarinya ta taɓa yi har bangon ya narke. Sa farar takarda tsakanin shafuka, tsayar da shi a buɗe gaban fanka, washegari ka kawo mana mu kai wa masu ɗinkin littattafai kafin ya yi fumfuna.